Autanmu da Zaman Benci

A cikin ganuwar Zariya, zamanin da muke tasowa, wasan ƙwallon ƙafa ne ke da gari. Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, duk inda aka sami ɗan fili ko wani kango, za ka tarar yara sun ajiye duwatsu bibbiyu suna ta fama har a kira magariba. Ƙwallon kwando kuwa wasan mutanen Samaru ne: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da 'ya'yan malamansu, da yaran Sabon Gari da ke biye da su. Mu 'yan Birni sai dai mu ji labari. Kafin yaro ya kai filin Samaru sai ya hau mota biyu, ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya bi ta Kwangila ya miƙe hanyar Sakkwato. Kuɗin motar kaɗai ya isa ya raba shi da wasan.

Autanmu ya ƙetare wannan tazara, kuma tsawonsa ne ya tura shi. Yana da shekara 14 ya kere kowa a gidanmu. Ƙofar zaurenmu irin ta ginin da ce, gajera, mai shiga sai ya sunkuya, shi kuwa har goshinsa ya yi kanta saboda yawan karo da ita. A filin unguwa kullum gola ake tura shi, yana so ko ba ya so. Wani malaminsu na motsa jiki ne ya kira ni gefe wata rana ya ce, “Wannan ƙanen naka ba a nan kasuwarsa take ba. Ka kai shi Samaru su gan shi.” A lokacin ina ɗan aikin akawu a can, saboda haka ɗawainiyar ta faɗo kaina.

Baba bai so ba da farko. Shi mai ɗinkin babbar riga ne, irin ɗinkin hannu da aka san Birnin Zariya da shi, kuma ya riga ya sa ido a kan dogayen yatsun Auta. Abu biyu suka tsaya masa a rai: gajeren wando, da magariba da za ta riƙa riskar yaro a hanya. Inna ce ta yi ta lallashi har ya sauko, bisa sharaɗin karatun dare ba zai faɗi ba ko sau ɗaya. Ta sa aka ɗinka masa wando mai wuce gwiwa. Da shi ya fara, wajen 1998.

Har yau ina iya jin ƙarar filin nan kafin in hango shi. Ƙwallaye da yawa na dukan siminti lokaci guda, takalma na ƙara, ana ta kiran juna da Turanci da Hausa da buroka a cakuɗe. Da hunturu ƙura takan lulluɓe dandamalin, sai an share kafin a fara, yatsun yara su tsattsage har ka ga ɗigon jini a jikin ƙwallo. Babu wanda ya taɓa komawa gida saboda haka. A tsakiyar wannan duka akwai Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, Ba'amurken da ya zo ƙasar nan tun da daɗewa ya mai da Zariya gida, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a jami'ar. Abin da ya fi burge ni a filin shi ne ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ɗan furofesa da ɗan mai ɗinki layi ɗaya suke bi, wanda ya yi sakaci da ƙafarsa a mayar da shi baya ya sake.

A bakin yaran filin na fara jin sunan Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, mahaifiyarsa likita, mahaifinsa ma'aikacin asibiti. Yana da shekara 13 ya fara wasan a garin nan, a hannun wannan kocin, daga baya ya tafi Amurka karatu, sa'annan ya wuce Turai yana buga wa ƙananan kulob-kulob. Yaran ba su san ko yana samun kuɗi ko ba ya samu ba, ba su kuma damu ba. Ya ishe su a ce wani da ya taka simintin nan yana cin abinci da ƙwallon kwando a ƙasar waje.

Babbar wahalarmu a shekarun nan takalmi ne. Auta lamba 47 yake sawa. Mun zagaye 'yan gwanjon kasuwar Sabon Gari ba adadi, muna tona buhuna, kafin mu sami kambas guda da zai shige shi, shi ma ɗan yatsan sai ya lanƙwashe. Siminti kuwa cin tafin takalmi yake yi kamar me. Akwai wani dattijo mai gyaran takalma a bakin kasuwar Birni da ya zama kamar ɗan gidanmu. Yakan yanko robar taya ya fafe ta ta yi sirara, ya manna, ya bi da zare mai kakin zuma. In ya gama sai ya ɗaga takalmin sama ya juya shi, ya ce, “Samari, wannan ƙafa taka Allah ya sa ta ɗauke ka zuwa inda za a saya maka sabo.”

Wajen 2004 addu'ar ta fara kamawa. Wani kulob na Arewa da ke buga babbar gasar ƙasa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ɗauke shi. Ranar da ya zo da rigar kulob ɗin, gidanmu ya cika da maƙwabta. Inna ta yi waina ta raba sadaka. Mu duka mun ɗauka an gama, ya zama ɗan wasa. Ba mu san cewa akwai doguwar hanya tsakanin samun riga da samun fili ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai saba kallo ba. Kulob yakan rubuta 'yan wasa 12 a kowane wasa, amma biyar ne ke cikin fili. Wasan minti 40 ne, an raba shi kashi huɗu. In ka tara mintocin gurabe biyar ɗin nan, 200 ke nan, kuma su ne duk dukiyar da koci ke rabawa. Manya biyar sukan kwashe fiye da rabi nesa ba kusa ba, mutum biyu ko uku na farkon benci su raba saura. Na goma da na sha ɗaya da na sha biyu kuwa sai in an yi wa abokan karawa nisan da ba za su kamo ba, ko an sha kashin da babu sauran fata, ko wani babba ya tara keta. Wanda ya yi keta biyar ya fita ke nan har a tashi. Auta a can ƙarshen bencin yake, kusa da jarkar ruwa da akwatin magani. Gabansa akwai dogaye biyu, kowannensu ya girme shi da kusan shekara goma, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Wayar hannu ta shigo a lokacin, saboda haka duk daren wasa ina jiran kiransa. Kusan kullum magana ɗaya ce. “Yaya, mun ci.” In ce, “Madalla. Kai fa?” Sai ya ɗan yi shiru. “Yau ma ban shiga ba.” Wani lokaci ya ce an sa shi saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, bai ko taɓa ƙwallo ba aka busa tashi. Nakan tsaya a soro in gyara fuskata kafin in shiga wurin Inna, domin ita tambayarta ɗaya ce, ko ya ci abinci, ko lafiyarsa ƙalau.

Mutane suna ganin ɗan benci hutawa yake yi. Ni da na je na gani a wurin atisayensu, na san shi ne jakin kulob. Shi ake sa wa rigar abokan gaba a ce ya kwaikwayi dogon ƙungiyar da za a kara da ita, manya su yi ta gwada gwiwar hannu a haƙarƙarinsa. Shi ke zuwa da wuri, shi ke tattara ƙwallaye. A doguwar tafiyar bas zuwa Legas, mai tsawon kusan mita biyu shi ne a kujerar baya, gwiwoyinsa a ƙirji. In alawus ya makara, kuma yakan makara, manya suna da bakin magana, shi ba shi da shi. Duk da haka dole ya zauna cikin shiri, jikinsa da ɗumi, idonsa a kan wasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ya zo hutun ƙarshen kaka ta farko, ya rame, ya kuma rage magana. Wata la'asar muna zaune a zaure, Baba na aiki a kan wata farar riga, almajiransa na gefe, sai Auta ya ce yana tunanin bari. Baba bai ɗago ba. Ya nuna ƙaramin almajirinsa da allura ya ce, “Ka ga wannan? Shekararsa biyu a nan, ban taɓa ba shi gaban riga ba. Amma kullum ina ba shi wani abu a jikin rigar gaske, ko da bakin aljihu ne, in karɓa in duba, in warware in ya ɓata. Kai naka maigidan yana ba ka bakin aljihu?” Auta ya ce a'a. Baba ya ce, “To ka koma ka ƙara shekara. In ya fara ba ka, ka zauna. In bai ba ka ba, ba koyo kake yi ba, jira kake yi.” Mutumin da bai taɓa kallon wasan ba ke nan, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi gane matsalar ba.

A kaka ta biyu na je Kaduna na kalle su. Zauren wasan da zafi, fankoki na juyawa a banza, 'yan kallo ba su cika rabi ba amma suna da ganga. Ana kashi na uku, wasa ya yi kankankan, sai babban dogonsu ya yi keta ta huɗu, ɗayan kuma dama yana ɗingishi. Na ga koci ya waiwaya ya bi bencin da ido, ya wuce mutum ɗaya, ya wuce biyu, ya tsaya. Auta ya miƙe da sauri har ya yi tuntuɓe da jarkar ruwa. Ya je teburin alƙalai ya tsuguna yana goge tafin takalminsa da hannu.

Bai ci ko maki ɗaya ba. Amma na ga abin da shekarun Samaru suka zuba masa. Duk sanda aka jefa ƙwallo, kafin ya dubi sama sai ya nemi mutuminsa ya sa masa baya ya tokare shi, sa'annan ya tashi. Ya cafe wadda ta dawo daga allo, ya sake cafe wata, ya miƙa wa mai rabawa ba tare da ya yi gigin gudu da ita ba. Sau ɗaya wani gajere mai sauri ya kutso, Auta ya tsaya cak, hannuwa sama, ya bar shi ya yi karo da ƙirjinsa, alƙali ya ba su ƙwallo. Bencinsu duka ya miƙe. Da aka fitar da shi, babban dogon nan ya dafa kansa ya jijjiga. Ni kuwa ina can sama ina ta faɗa wa wanda ke kusa da ni, wanda ban sani ba, cewa ƙanena ne, daga Birnin Zariya muke. A wasan da ya biyo baya ɗingishin wancan ya warke, Auta ya koma kusa da jarka.

Ban ga laifin kocin ba sosai, ko a lokacin. Shi ma aikinsa a kan siraɗi yake, in ya faɗi wasa uku a jere wani ofis zai kira shi. Kakar wasanmu gajera ce, wasannin ba su da yawa, babu wata ƙaramar ƙungiya ta kulob da za a tura yaro ya je ya yi ta bugawa ya dawo. Wa zai ɗauki minti goma daga hannun wanda ya sani ya ba wanda yake fata? Abin da ke ci mini rai shi ne yawan yaran da suka tsufa a wannan kujera ba tare da kowa ya san iyakar abin da za su iya ba, har su kansu.

A 2006 wani labari ya girgiza duk 'yan bencin ƙasar nan. Cleveland Cavaliers, ƙungiyar LeBron James a lokacin, ta zaɓi Ejike Ugboaja a lamba ta 55 cikin 60 a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA, kai tsaye daga kulob ɗin Union Bank na Legas. Daga gasarmu ta gida, wadda Auta ke ciki. Ya kira ni muryarsa na rawa. Amma Ejike bai taɓa buga wasan gasar NBA ba, sai ya yi yawon ƙasashe yana wasa, ya kuma wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Kafinsa akwai Olumide Oyedeji, wanda Seattle ta zaɓa a lamba ta 42 a 2000. Kaka uku ya yi tsakanin Seattle da Orlando, yawanci a benci, wasanninsa ba su kai 100 ba. Wannan mutumin ne kuma ya daɗe yana jan ragamar 'yan wasan ƙasa, yana cikin waɗanda suka ɗauko mana kofin Afirka na farko a Tunisiya a 2015, ranar da aka doke Angola. Wato gwanin da duk ƙasa ke taƙama da shi, a wani wurin shi ma kusa da jarka yake zaune.

Auta bai taɓa shiga sahun biyar na farko ba. Ya matsa gaba kaɗan a bencin, ya zama wanda ake kira in ana son tsaro, sa'annan gwiwarsa ta fara ciwo. Mafitar da ya samu ita ce wadda yawancin irinsu ke samu. A ƙasar nan hukumomi masu kaki da bankuna sun daɗe suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallon kwando, kuma sukan ɗauki ɗan wasa aiki. Wata hukuma ta gan shi ta ɗauke shi, ya buga mata 'yan shekaru, da ya daina bugawa albashi bai tsaya ba. Da shi ya yi aure, da shi ya gyara wa Inna ɗaki. Baba, Allah ya jiƙansa, ya rayu har ya ga wannan. Ba na raina shi ko kaɗan. Sai dai ba shi ne mafarkin da muka ɗauko daga Samaru ba.

Shi ya sa daren 13 ga Yuni 2019 ya zauna mini daram. A nan ƙarfe biyun dare ne, wayewar Juma'a, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Muka tayar da janareto a gidan Auta, muka zauna mu biyu muna kallon Toronto Raptors da Golden State, wasa na shida a karawar ƙarshe ta gasar NBA. Shugaban Toronto a lokacin shi ne Masai ɗin nan na bakin yaran fili. Bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya fara yi wa Orlando aikin zaƙulo 'yan wasa ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2003 ya kafa Giants of Africa don horar da yaran nahiyar. Ya riƙe Denver, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA a 2013, a shekarar ya koma Toronto.

Ni ina kallon maki, Auta yana kallon wani abu daban. Ya nuna mini Pascal Siakam, ɗan Kamaru, wanda aka zaɓa a lamba ta 27 a 2016. Da wasa ya yi masa nauyi a shekarar farko, sai aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu, Raptors 905, ya yi ta bugawa har suka ci kofin can a 2017. Ya dawo ya yi kaka guda yana shigowa daga benci, a ta uku ya zama ginshiƙi. A daren nan maki 26 ya ci. Ya nuna mini Fred VanVleet, wanda babu kulob ɗin da ya zaɓe shi a 2016, shi ma ya bi ta wannan ƙaramar ƙungiyar. Daga benci ya taso a daren ya zuba 22. Aka tashi 114 da 110, Toronto ta ɗauki kofinta na farko, ana gab da kiran assalatu. Auta ya daɗe bai ce komai ba, sa'annan ya ce, “Yaya, ka ga waɗannan biyun? An ba su bakin aljihu.” Muka yi alwala muka fita masallaci.

Na yi murna da ɗan Zariya ya kai nan, murna ta gaske. Amma na kasa hana kaina tunanin cewa tsanin da ya kafa wa yara a Kanada, a garin da ya rene shi babu irinsa. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017 ya sa gasar gida ta yi shekaru tana tafiya tana tsayawa, kuma duk kakar da ba a buga ba, babba yana da sunan da zai kai wani wuri, ƙaramin da ke benci ba shi da komai. Gasar Afirka ta BAL da aka fara a Kigali a 2021 ta buɗe wata ƙofa, Rivers Hoopers da Kwara Falcons sun je, amma kulob ɗin da ya je can yakan ɗauko ƙwararru daga waje, bencin ya ƙara tsawo.

Bara wani maƙwabcinmu ya shigo zaure da ɗansa, shekararsa 18, shi ma sai da ya sunkuya sosai. Wani kulob ne ke nemansa, uban yana son jin ta bakin Auta. Auta bai tambayi nawa za a biya ba sai daga baya. Ya tambayi dogaye nawa ne a gabansa da shekarunsu. Ya ce a nemo masa takardun sakamakon wasannin kulob ɗin na bara, ya bi sunayen ƙasa da yatsa yana duba mintocin da aka ba su. Ya ce lallai a rubuta kwantiragi, kuma kada yaro ya ajiye karatunsa. Uban ya ce, “Malam, kana ganin zai kai?” Auta ya ce, “Alhaji, wannan sai Allah. Amma kocin nan yana sa yara, na gani a takarda. A bar shi ya je.”

Yanzu Auta ne ke jiran kiran daren wasa. A na baya-bayan nan ina wurin, ya sa wayar a bayyane. An ba yaron minti bakwai, ya ci maki huɗu, ya yi keta uku, yana ta ƙorafin alƙali. Auta ya bar shi ya gama, sa'annan ya ce, “Ba alƙali ba ne. Ƙafarka ce ba ka matsarwa, shi ya sa kake kai hannu. Gobe ka riga kowa zuwa, ka sami wani gajere mai sauri ka ce ya yi ta kutso maka, hannuwanka a baya.”